Daga Sabara Zuwa Angala: Me Ke Sa Ganye Gashi?

Tirelar da ta taso daga Arewa ta sauke kaya a Garki Awkunanaw ta Inugu, ko a gindin gadar Anacha, ko a wajen Hausawan Fatakwal, ba shanu da albasa da wake kaɗai take kawowa ba. A can saman lodi ba a rasa 'yan buhunan ganye da saiwa da sassaƙe, kayan masu maganin gargajiya, waɗanda a ƙarshe za su baje a kan tabarma a bakin masallaci: sabara, magarya, marke, kalgo. Taku kaɗan daga nan kuma ga matan Ibo da ganyen miyarsu, oha da okazi da ugu. Wanda ya taɓa na nan ya taɓa na can, hannunsa zai riga idonsa gane bambanci. Ganyen sabara toka-toka ne, ba ya sheƙi, yana da laushi ciki da baya, in an juya shi kuma a ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana. Ganyen okazi kore ne shar, sumul, ruwa ba ya zama a kansa. Mai magani ma da wannan yake kafa hujja idan mai saye ta yi tantama, sai ya ce, "Hajiya, shafa ki ji, wannan sabarar gida ce."

Laushin nan da yatsa ke ji gashi ne, siriri, gajere, cunkushe, wanda ya tsiro daga fatar ganyen. Juya ganyen magarya: samansa kore mai ɗan sheƙi, ƙasansa fari-fari kamar an shafa masa gari, amma ko an goge ba ya fita, domin shi ma gashi ne. Haka ƙasan ganyen gwandar daji da na dargaza, haka sabon tohon tumfafiya. Idan aka lissafa su, aka kuma tuna cewa Maraɗi ruwan shekararta bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, Kano takan tsaya ƙasa da 1,000, Inugu da Anacha sun haura 1,500, Fatakwal kuwa ta zarce 2,000, to amsa za ta zo da kanta: fari ne ke sa ganye gashi, ruwa kuma ya sa shi santsi. Amsar tana da gaskiya a cikinta, sai dai rabi ce, kuma rabin da ya saura ya fi daɗin bincike.

Masana tsirrai sun tona wannan tambaya sosai a jikin itacen oak, wanda Larabawa ke kira ballut. Ba itacen ƙasarmu ba ne. A Afirka sai an haura hamada, zuwa duwatsun Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kafin a same shi a daji. Dalilin da ya sa ya zama fagen gwaji shi ne yawan danginsa, kimanin iri 500, sama da 150 daga ciki a Meksiko kaɗai, da kuma yadda suka watsu daga fadamun Turai masu sanyi zuwa tsaunukan da rana ke gasawa a gaɓar Bahar Rum. Tunda dangi ɗaya ne a muhallai daban-daban, ana iya kwatanta ɗan'uwa da ɗan'uwa. Kwatanta sabara da okazi kuwa ba ya kai mutum ko'ina, don asalinsu ya yi nisa ƙwarai. Ko da a gona ɗaya suka tashi ba za su yi kama ba.

A cikin dangin oak ƙa'idar tana da shaidu. Wanda ya cika dazuzzukan Ingila da Jamus, Quercus robur, mai son ƙasa mai zurfi da laima, ganyensa kusan sumul yake. Ɗan'uwansa na kudancin Faransa da Italiya da ƙasashen Balkan, Quercus pubescens, da ke tsayawa a gangaren dutsen farar ƙasa inda ruwa ba ya zama, tohonsa da ƙasan ganyensa duk gashi ne. Quercus ilex na tsaunukan Atlas da Sifen, wanda ba ya kaɗe ganye ko da rani, ƙasan ganyensa a rufe yake ruf da gashi fari-fari, kowane tushe ya rarrabu kamar tauraro. Haka mai ɓawon da ake yin toshiyar kwalba da shi, wanda ya yi dajin Mamora kusa da Rabat. A tsibirin Kubrus akwai wanda gashin ƙasan ganyensa ruwan zinariya ne. A shekarun 1970 wani masani Ba'amurke, James Hardin, ya bi nau'o'in oak na gabashin Amurka ɗaya bayan ɗaya da na'urar ƙara girman abu, ya rarraba siffofin gashinsu. Abin da masu wannan aiki suka gano yana da amfani a riƙe: siffar gashi, ko tilo ne, ko tsintsiya, ko tauraro, ta fi bin gado, har ana gane iri da ita, yawansa a kan ganye kuwa shi ne ke hawa da sauka gwargwadon wuri da shekarun ganyen.

To me gashin yake yi? Ganye yana cikin tsaka mai wuya kullum. Dole ya buɗe ƙananan ƙofofin da ke fatarsa, waɗanda a yawancin itatuwa sun fi yawa a ƙasan ganye, don ya shaƙi iskar da yake haɗa abinci da ita. Amma da ya buɗe su tururin ruwan jikinsa zai fita. Fitar tururin kuma ita ce ke sanyaya shi, kamar dai gumi. In ruwa ya yi ƙaranci a ƙasa ya rufe ƙofofin, sai zafi ya taru masa, ga rana tsaka a watan Afrilu.

An daɗe ana koyarwa cewa gashi yana tare iska a kusa da fatar ganye, ya hana busasshiyar iska kwashe laima. Hakan na faruwa, amma da aka zo aunawa sai aka ga a tsirrai da yawa tasirinsa kaɗan ne, domin kaurin gashin sau da yawa bai kai milimita guda ba, kuma ƙofofin numfashin su ne ainihin masu riƙe da ragamar ruwan. Babban aikin yana wajen haske. Gashin da ya mutu ya bushe, iska ta cika cikinsa, fari yake zama, fari kuma yana mayar da rana. Duk wanda ya yi tafiyar ƙafa da bazara ya san abin da ya sa ake zaɓen farar riga a bar baƙa. A 1976 James Ehleringer da abokan aikinsa suka auna wannan a jikin wani ɗan tsiro na hamadar Sonora, Encelia farinosa. Ɗan'uwansa na bakin teku mai koren ganye yana shanye sama da kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Shi kuwa na hamadar, idan fari ya tsananta ya fitar da ganye mai farin gashi, abin da yake shanyewa kan sauka zuwa kusan kashi 30. Ganyen ya yi sanyi ba tare da ya ɓarar da ruwa ba. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne tsiro guda ne ke canjawa: lokacin ruwa ya fitar da ganye kore-kore, ƙasa na bushewa sabon ganye ya riƙa fitowa da ƙarin fari. A Girka kuma George Karabourniotis ya nuna a shekarun 1990 cewa gashin ganyen zaitun da na Quercus ilex na ɗauke da sinadaran da ke tsotse wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, mai lalata ƙwayoyin halitta, kuma sabon ganye da fatarsa ba ta yi ƙwari ba shi ya fi dogara da wannan kariya.

Daga nan ake gane dalilin da ya hana kowane ganye yin gashi. Hasken da gashi ya kora, abinci ne aka kora. Itacen da ke ƙarƙashin inuwar kurmi, wanda ɗan hasken da ke zubowa ta tsakanin manyan rassa bai ishe shi ba, in ya ƙara wa kansa farin mayafi ya kashe kansa da yunwa. Damuwarsa ma daban ce: ruwan da ke kwana a kan ganye, wanda ke jawo gansakuka da fumfuna. Shi ya sa ganyen kurmi ke zama sumul, da dogon baki mai tsini da ruwa ke bi ya ɗiga. Dubi ganyen goro, ko faffaɗan ganyen fita da fatake ke naɗe goron da shi tun zamanin tafiyar Gwanja.

Zuwa nan ƙa'ida ta yi kyau. Yanzu sai masu saɓa mata, kuma ba su da kaɗan. A cikin oak ɗin kansa akwai Quercus coccifera, gajere mai ƙaya, wanda ke zaune a wurare masu tsananin bushewa a gaɓar Bahar Rum, amma ganyensa idan ya manyanta sumul ne sama da ƙasa. Shi da ƙanƙantar ganye da tauri da kaurin fata ya yi maganin rani. Mu ma muna da irinsa a bayan gari. Kalgo iri biyu ne, ko da yake suna ɗaya muke kiransu. Na can sama, na jigawar Katsina da Maraɗi da Damagaram, Piliostigma reticulatum, ganyensa ba gashi. Na ƙasa-ƙasa, inda ruwa ya fi yawa, daga kudancin Kaduna zuwa Binuwai har cikin filayen ciyawa na arewacin ƙasar Ibo, Piliostigma thonningii, ƙasan ganyensa na da gashi ja-ja kalar tsatsa. Wato a nan abin ya juye: na wurin fari ne mai santsi. Magarya da kurna 'yan ɗaki ɗaya ne, sukan tsaya a gona ɗaya, rana ɗaya ke dukansu, amma magarya ta yi farin ciki da gashi, kurna kusan babu. Darbejiya da ta cika titunan Maiduguri da Sakkwato ba ta da gashin a zo a gani, kanya ma haka. Gawo kuwa ya bi tasa hanya dabam, ya kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, yana shan ruwa daga can ƙarƙashi. Fari tambaya ɗaya ce mai amsoshi da yawa: doguwar saiwa, ƙaramin ganye, fata mai maiƙo, kaɗe ganye, ko gashi. Wadda itace zai ɗauka ta danganta da abin da danginsa suka gada.

A Kudu ma akwai masu gashi, kuma su ne suka fi koyar da darasi. Bahaushen da ke sayen agwaluma a Anacha, wadda Ibo ke kira udara, in ya samu reshenta ya juya ganyen zai ga ƙasansa fari-fari ko ruwan ƙasa-ƙasa, lulluɓe da gashi kwantacce, alhali itacen kurmi ce tsantsa. Doguwa ce, kanta yana can sama inda rana da iska suke, nesa da inuwar da ke gindinta. Mai zuwa bakin ruwa a Fatakwal kuma zai tarar da dajin angala, itatuwan da ke tsaye cikin taɓo da ruwan gishiri. Mafi yawansu masu saiwa kamar ƙafafu ne, ganyensu sumul mai kauri. Amma a cikinsu akwai Avicennia, wadda saiwoyinta ke ɓullowa daga taɓo tsaye-tsaye, ita ƙasan ganyenta toka-toka ne saboda gashi ƙanana cunkushe, tana kuma fitar da gishiri ta ganyen har ya bushe ya yi fari. Ƙafarta cikin ruwa take dare da rana, amma ruwan gishiri wuyar sha gare shi ga saiwa, don haka tattalin ruwanta irin na itacen hamada ne. Ma'aunin ruwan sama na Fatakwal ba zai taɓa faɗa maka wannan ba.

Kainuwa dashen Allah ta fi su duka ban mamaki. A kan ruwa take, ba ta san ƙishi ba, amma ganyenta gashi ne tun daga tushe har baki. Danna ta cikin ruwa ka saki, za ta taso a bushe, iskar da gashin ya riƙe tana ƙyalli a jikinta. Nata gashin na korar ruwa ne. A oak ma an ga irin haka: a 2014 Victoria Fernández da abokan aikinta a Madrid suka nuna cewa ganyen Quercus ilex guda ɗaya yana yin abu biyu masu karo da juna: ƙasansa mai gashi yana korar ruwa, ƙofofin numfashi su zauna a buɗe, samansa kuwa, inda gashin ƙuruciya ya kaɗe ya bar gurabe, yana jiƙewa har ya tsotsi ɗan ruwan da ya sauka a kai. A ƙasar da raɓa ta fi ruwan sama zuwa a wasu watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Inugu akwai baƙi biyu da suka zama 'yan gari. Bayan an gano kwal a Udi a 1909, aka ja layin dogo zuwa Fatakwal, ramukan haƙar suna bukatar turaku na tokare rufi, Turawan gandun daji suka shuka malaina da tik, dukansu daga Asiya. Ƙasan ganyen malaina laushi gare shi, na tik kuwa samansa kaushi, ƙasansa gashi. Daga ƙasashen da ke da dogon rani suka zo da kayansu, kuma shekaru da dama a ƙarƙashin ruwan Inugu ba su sa sun tuɓe ba. Wanda zai ƙirga itatuwan gari don ya gano alaƙar gashi da yanayi sai ya fara tambayar kowane itace daga ina aka kawo shi.

Akwai kuma dalilin da bai shafi rana ko ruwa ba sam. Duk macen da ta taɓa tsinkar kuɓewa hannu tsirara ta san ƙaiƙayinta, ballantana wanda ya gamu da ƙarara a daji. Gashi makami ne a kan masu ci. Manoman auduga sun ga wannan da kuɗinsu. A shekarun 1920 wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da ke tsotse ruwan ganye sun kusa hana noman auduga a kudancin Afirka, har sai da masu bincike a Barberton suka zaɓo iri mai gashin ganye, wanda ƙwarin ba sa iya sa ƙwai a jikinsa cikin sauƙi. Aka yaɗa irin wannan auduga a ƙasashe da dama. Sai kuma aka tarar, musamman a gonakin Jazira na Sudan, cewa farin ƙuda ya fi jin daɗin ganye mai gashi, yana fakewa a ciki. An toshe ƙofa ɗaya, wata ta buɗe. Masu binciken wake a cibiyar IITA ta Ibadan su ma sun yi nazarin wani ɗan'uwan wake na daji, Vigna vexillata, wanda gashinsa ke wahalar da tsutsa da ƙwarin da ke cin kwanson wake, sai dai haɗa shi aure da waken gida ya yi wuya ƙwarai. Saboda haka idan aka ga ganye mai gashi a wuri busasshe, ba za a yi saurin cewa zafi ne ya sa ba. Mai yiwuwa fara ce, ko tsutsa, ko akuya, ko duk gaba ɗaya.

Ko a itace guda ma maganar ba ɗaya ba ce. Ganyen ƙololuwa da ke fuskantar rana yakan fi na cikin inuwa ƙanƙanta da kauri da yawan gashi. Sabon toho yakan fi tsohon ganye, kamar yadda ake gani a marke da kaɗanya. Wani ɓangaren wannan lissafi ne kawai: an gama ƙirƙirar gashin tun ganye yana ƙarami, in ya samu ruwa ya buɗe sosai sai gashin ya warwatsu, in fari ya tsuke shi sai ya cunkushe, alhali adadin bai canja ba. Ga oak kuma da wata matsala ta daban, danginsa suna barbara a tsakaninsu, sai a samu itace mai rabin gashin wannan da rabin na wancan. Shi ya sa ba na yarda da duk binciken da aka tsinko ganye biyu-uku daga inda hannu ya kai aka yanke hukunci a kan ƙasa guda. Hanyar da ke raba gardama ita ce a tattaro iri daga wurare masu bambancin yanayi a shuka su a fili ɗaya. Bambancin da ya ɓace na muhalli ne, wanda ya tsaya na gado ne. A tsibiran Hawai an yi wa wani itace mai suna Metrosideros polymorpha irin wannan gwaji, wanda a dajin ruwa ganyensa sumul ne, a kan tsauni da busasshen dutsen aman wuta kuma mai gashi, aka ga abin ya haɗa gado da muhalli.

Mu ba mu da oak, amma muna da abin da ya isa. Shuwaka tana bayan gida a Zariya, tana bayan gida a Anacha inda ake kiranta onugbu. Kuɓewa ma haka, gwandar daji ma ta ratso daga Arewa har filayen Nsukka. Hanyar da motocin 'yan kasuwa ke bi daga Maraɗi zuwa Fatakwal ta ratsa kusan kowane irin yanayi da ƙasar nan take da shi, kuma ɗakin adana busassun tsirrai na cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan na riƙe da ganyayyakin da aka tara tun zamanin Turawa, kowanne da sunan wurin da aka tsinko shi. Ɗalibin Jami'ar Bayero da na Nsukka in suka haɗa kai, da ƙaramar na'ura da haƙurin ƙirga, za su iya fitar da aiki mai ma'ana. Sunayen ma an share musu hanya, tun 1916 likitan nan J. M. Dalziel ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya.

Ga mazauna Fatakwal akwai wani gefen maganar da ya fi kusa da tukunya. Tun wajen ƙarshen 2016 garin ya sha fama da baƙar kunkunniya da ke sauka daga sama, wadda ake dangantawa da tace ɗanyen mai ta bayan fage da ƙona shi a cikin fadamun ruwa. Masu binciken ƙurar birane a ƙasashe da dama sun nuna cewa ganye mai gashi ko kaushi ya fi mai santsi kama ƙananan ɓarɓashi, kuma ruwan sama bai cika wanke su duka ba. Ga mai shirin dasa itatuwa a bakin titi wannan alheri ne, don itacen na rage wa huhun mutane kaya. Ga mai shanya sabara ko shuwaka a fili a gefen hanya kuwa, abin da itacen titi ke tare wa jama'a shi ne ke maƙalewa a jikin ganyen da za a dafa wa mai jego. Ganyen okazi ya fi saurin wankuwa. Sabara da magarya sai an ajiye su a rufe, in an zo amfani a jiƙa, a cuɗa, a canja ruwa, domin gashin ba ya sakin abin da ya kama da sauƙi.